Bakin Rumbunmu Ya Ƙi Ni

Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni manomi ne daga Marnona. Ci ya zame mini ciwo: ko na ƙoshi sai in ɓoye in ƙara, har sauran tuwon yara. Ban san ƙibata ta kai haka ba sai jiya, da na hau rumbunmu ɗibar hatsi. Bakin da nike shiga tun ƙuruciya ya riƙe ni ga ƙugu, da ƙyar aka jawo ni! Baba, tsoho mai hurhura, ya hau ya shige sumul, ya ce, "Mi kake kallo? Amshi dami." Ikon Allah, har yanzu mamaki nike!

Jama'a, ku ba ni shawara. Wallahi wasiƙar ga ma ina tauna ƙosai na rubuta ta.