Tabon Gira

A shagon bindigogi na garin Lander, tsoho Orval yana jiran a miƙo masa harsashi, sai ya ga wani saurayi ya rungumi wata ƙatuwar bindiga 'yar gwanjo.

"Samari, giwa ce ta shigo gari ba mu ji ba?"

"Farautar barewa zan fara bana, Baba."

"Da wannan? Madalla. Ka tafi da cokali, don da shi za ka kwashe naman."

"An ce babba ba ta kuskure."

"Ita kam ba ta yi. Mai ita ne ke runtse ido tun bai ja kunama ba. Shuri take kamar jaki, madubin saitin ya dawo ya fasa maka gira. Ɗauki ƙaramar can."

"Waccan ai ta yara ce. Wannan kuwa, mai shago ya ce sau uku kacal aka taɓa harba ta."

"Ƙarya yake. Sau biyu ne."

Saurayin ya dubi bindigar, ya ɗago ya dubi tabon da ya raba girar tsohon gida biyu.

"To Baba, barewar fa?"

"Tana nan lafiya lau," in ji Orval. "Har jikoki ta yi."