Hannun da Siminti Ya Cinye

Auta: Salamu alaikum. Mama, ina wuni?

Mama: Wa alaikumus salam, Autata! Lafiya lau. Ya karatu? Ya gajiya?

Auta: Alhamdu lillahi. Ya ƙafar taki?

Mama: Da sauƙi. Kin ci abinci kuwa, ko kin tasa kwamfuta a gaba?

Auta: Na ci, wallahi. Mama, Baba dai bai manta da jibi ba ko? Ƙarfe goma malaman jami'a za su zauna, a gabansu zan gwada na'urata mai gane zanen yatsa da yatsunsa.

Mama: Manta? Mutumin da kwana huɗu ke nan bai leƙa wurin gini ba?

Auta: Subhanallahi! Ba shi da lafiya ne?

Mama: Garau yake. Gyaran hannu yake yi. Safe da yamma sai ya jiƙa su a ruwan ɗumi, ya lafta mai. Man shafawata ya kusa ƙarewa!

Auta: Wayyo! Mama, ki hana sh... Halo? Mama?

Mama: Ina jin ki, layin ne. Cewa ya yi ba zai kai hannun da siminti ya cinye gaban manyan mutane ya ba ki kunya ba.

Auta: Ai shi nake so! Shekara uku ina aikin nan don waɗanda zanen yatsunsu ya goge. In ya zo da hannu luwai-luwai, me zan nuna?

Mama: To gaya masa da bakinki. Malam, karɓi, 'yarka ce.

Baba: Auta, kin tuna wurin yin katin shaida? Sau uku na'ura tana ƙin yatsana, mutane na dariya a layi. Ba na son a sake a gaban malamanki.

Auta: Ina tsaye a bayanka ranar, Baba. Dalilin da na fara binciken ke nan. Tawa ta gane magina arba'in da masu wankau, kai ma ta gane ka bara, da kaushinka da tsagarka. Ka zo mini da hannun da na sani.

Baba: Wato jami'a guda, wannan hannun take nema?

Auta: Shi ɗin, Baba.

Baba: Ikon Allah! Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Ke, karɓi manki! Ina kika ɓoye mini cokalin gini? Akwai yaɓen da na bari tun ran...

Auta: Baba, rigar dai ka sa mai kyau! Halo? Baba?