Gaskiyar Ɗingishin Saja Mu'azu

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki. Ranka ya daɗe Magajin Gari, shugaban wannan zama. Allah ya gafarta Alƙali da Liman. Bature Di'o, da Bature Likita da ya zo auna sababbin sojoji gobe, tafinta ya isar muku da gaisuwata. Dattawan Gayam, dattawan Tabanni, Fulanin da suka baro shanu a bakin daji, iyayenmu mata da ke leƙe ta bayan zana, jama'ar Birnin Gwari baki ɗaya, ina gaishe ku.

Na gode da taron nan da kuka haɗa don karrama mu da muka dawo daga yaƙin Bama. Na gode da rigar da aka ba ni. Na gode wa makaɗin da ya yi mini kirari da "Mu'azu, sha harsashi ka yi gyatsa." Sai dai kafin in zura rigar, ku ji magana uku, wataƙila ku ce in maido.

Ta farko a kan lemar jirgi ce, wadda samarinku suka dame ni da tambaya a kanta. A Indiya wani Bature ya tara mu, ya ce wa ba ya tsoron bisa? To, ni da na tashi ina hawan maɗaci ina rataya amyar zuma a dajin nan, ai hannuna ya riga na kowa tashi. Wata guda cur muna tsalle daga kan tebur, ƙarti da gemu! A haɗa ƙafafu, a lanƙwasa gwiwa, a mirgina. Igiya ce ke buɗe lemar da kanta, amma saukar taka ce. Lema tana son mai ido biyu, tana son mai hankalinsa a jikinsa.

Ta biyu a kan likitan da ya auna mu a can Indiya ce. Ya ƙwanƙwasa ƙirjina, ya leƙa bakina kamar mai sayen jaki, sannan ya ce, "Kana jiri? Ka taɓa suma?" Jama'a, gidanmu muna da wannan larura, gadonmu ce ta wajen uba. Duniya ta juya, ido ya rufe, sai mutum ya farka ana yayyafa masa ruwa. Innarmu Ladi ta hore mu tun muna yara, ta ce, "Kada wanda ya faɗa a waje, ba za a ba ku mata ba." Saboda haka na dubi likita ido cikin ido na ce, "Ni? Ko ciwon kai ban sani ba."

Ta uku ita ce mai nauyin. Ranar tsalle, jirgi ya lula, aka buɗe ƙofa, na leƙa na hangi motoci kamar tururuwa. Na ji abin nan ya taso mini. Aka daki bayana, na fita. Tun daga nan, wallahi duk labarin da na ba ku na yadda gajimare yake, a bakin wasu na ji. A sume na sauko, kamar buhun dawa. Ban haɗa ƙafa ba, ban lanƙwasa gwiwa ba. Na fasa rufin garken alfadarai, ƙafar nan ta karye, alfadari guda kuma ya ji haushin baƙon da bai yi sallama ba, ya ƙarasa aikin.

Wannan shi ne harsashin da kuke cewa ya sa ni ɗingishi. Ku yi dariya, halal ɗinku ce. Kofur Bakoji na Tabanni, ga shi can yana rufe fuska da hula, shi ya jawo ni daga ƙarƙashin kofato, shi ya rufa mini asiri har yau. Ya ce da iska ta ƙara tura ni taku ashirin, a tafki zan faɗa, kuma sumamme ba ya iyo.

Me ya sa na tona kaina a ranar da aka ba ni riga? Saboda ƙanena Salmanu, autan Inna, ya sa sunansa cikin waɗanda za a auna gobe, yana yawo a kasuwa yana cewa zai yi tsallen lema kamar yayansa. Salmanu, daina laɓewa bayan Liman. Da damina a gonar gero wa ya yayyafa maka ruwa? Ni ne. Na roƙe ka a ɗaki, ka ce ina yi maka baƙin ciki. To, ga Likita zaune, ga tafinta yana juya masa. Ranka ya daɗe Likita, yaron can mai jar hula yana suma.

Inna, ki gafarce ni, na faɗa a waje. Salmanu, ka yi fushi da ni shekara goma, ka daina gaishe ni, na yarda. Ni tsoro nake ji. Na fi son in riƙa ganin ƙeyarka a masallaci da a aiko wa Inna takarda da kayanka a ƙulle.

Ku kuma sauran samari, abin da likita ya tambaya ku faɗa masa. Mai tari ya faɗa, mai jiri ya faɗa, mai ciwon ƙirji ya faɗa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya. Allah ya tsare 'ya'yanmu a sama da ƙasa. Allah ya ba Salmanu mata duk da abin da na yi masa yau, ya mai da kowa gidansa da ƙafafunsa biyu. Ranka ya daɗe, ga rigar. In har yanzu tawa ce, zan sa.

Na gode.