Sunan da Malam Elisha Ya Ƙi Faɗi

Mai girma Hakimi, wakilin Kwamishina, limamai da fastoci, Maman Lydia da ɗiyanki, jama'ar Gidan Dare, ina gaishe ku, ina yi muna ta'aziyya.

Ni ne Maigandi, sakataren ƙungiyarmu ta taimakon zawarawa. An zaɓe ni don ina da baki, ba don na cancanta ba.

Malam Elisha ya kasance maƙwabcinmu shekara ashirin. Ya kasance ma'aikaci a ofishin gwamnati mai sa ido kan ƙungiyoyin agaji. Ya kasance in koke ya iso teburinsa, sai ya hau tsohon babur ɗin nan nasa ya je ya gani da idonsa.

Kun san abin da munka yi. Mukan tara zawarawa, a aza wa kowace buhun gero, a ɗauki hoto don masu ba mu tallafi. Baƙi na juya baya, a amshe buhun, a auna mata tiya biyu. Wani ya rubuta koke. Malam ya zo, ya saurari matan nan ɗaya bayan ɗaya, ya kai rahoto, anka dakatar da mu.

Mun ji kunya? Ina! Sai munka sha manyan riguna, mu bakwai, munka tafi gidansa ban haƙuri, yadda munka saba kashe kowace magana. Maman Lydia, ke kinka shimfiɗa muna tabarma. Shugabanmu Alhaji Sodangi ya ce, “Malam, ba mu ce ka janye ba. Faɗa muna wa ya rubuta.” Malam ya ce, “Alhaji, aikina in binciki abin da anka rubuta. Mai rubutun kuwa amana ne gare ni.”

Daga ranar munka ɗauke masa gaisuwa. Bikin Lydia, ko mutum ɗaya cikinmu bai leƙa ba. Shekara huɗu muna haka, har ya kwanta ciwo.

Cikin bakwai ɗin nan ni na fi kowa ɗaga murya. Kuma, jama'a, ni na rubuta koken. Da hannuna na kai masa a ofis. Ran nan ina yi masa tsawa a gidansa, ya dube ni sau ɗaya, ya miƙo mini ruwa.

Alhaji, ga sunan da kake nema. Maman Lydia, tsoro ne ya sa na bar mijinki ya ɗauki zagin da ni ya kamata in sha. Wallahi ina jin kunyar haɗa ido da ke. Ki yafe mini.

Na gode da kunka saurare ni. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya albarkaci bayansa. Allah Ya rufa wa ɗiyansa asiri yadda Malam ya rufa mini nawa.