Kaset ɗin Baba Maigandi

Assalamu alaikum. Malam Liman, dattawan unguwarmu ta Jurf a nan Madina, Dakta Abdulrauf da sauran likitocinmu, Hajiya Ƙaltume da matan da ke ji daga ciki, 'ya'yan marigayi: Allah ya ƙara mana haƙuri.

Ni ne Balarabe mai gyaran bidiyo. Wata safiyar Talata aka kira ni gidan Baba Maigandi, injin bidiyonsa yana cin kaset. Na same shi a kujera, shanyewar jiki ta karkata masa baki. Babban ɗansa Lurwanu na ƙasa da kwalin kaset, yana liƙe ramin kowanne da salatif, yadda za a iya ɗaukar wani abu a kai.

Mun san kaset ɗin nan. Ya kasance direban injiniyoyin Japan a matatar mai ta garin Yanbu, su suka bar masa su. Ya kasance yana tara mu bayan la'asar, ya kunna mana tsohon fim marar kala, ya ce, "Da can a ƙasarsu mutum ke tsayawa gefen majigi yana ba da labarin da baki. Kamar ni." Ya kasance Turawan matatar mai suna turo mota takanas don aro. Muka ce, me suka gani a ciki? Ya ce, "Ba su iya shiru ba. Shi ya sa suke son kallon waɗanda suka iya."

Da na gama gyara, Baba ya nuna kwalin da hannunsa mai lafiya. Ya ce, "Fim ɗin nan na ruwan sama. Sau ɗaya."

Lurwanu ya ce, "Abshir, ya abuya," wato an gama, Baba. Ya saka. Sai ga wa'azin azabar kabari. Ashe ya riga ya shafe shi.

Ya ce, "Halas, shi ke nan, wannan ya fi maka. Kana bakin rami kana neman arna masu takobi?"

Baba ya kalla har ƙarshe, don wuyansa ba ya juyawa. Hawaye na shiga masa kunne.

Lurwanu, kaset ɗin wa'azin da ka jera bakin ƙofa, ka ce kowa ya ɗauka sadaka ga Baba: duk wanda ya ɗauka ya duba gefe, rubutun Japan na nan.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa a maƙabartar Baƙi'a, ya nuna masa abin da ya fi wanda aka hana shi.

Kada a ce ni yaro na ƙaga. Ranar nan Usmanu maƙwabci na tsaye. Murja, ƙanwar Lurwanu, na riƙe da shayin Baba. Hajiya, ke ma kina bayan labule.