Taya Mai Haƙori

A wani fili da ake sayar da tsofaffin injuna a unguwar Abule Egba ta Legas, Abdulgani mai gadi ya tsaya tsakanin ƙananan taraktoci biyu, kansa ya ɗaure. Sai ya juya wajen wani dattijo ɗan Jos da ke zaune a benci.

"Baba, don Allah ka san tarakta? Oga ne ya aiko ni in zaɓi ta yankan ciyawa. Wannan tayarta sumul, waccan duk haƙora."

"Filin ciyawar a shimfiɗe yake?"

"Ina! Tudu ne. Ko akuya sai ta yi tunani kafin ta gangara."

"To, ɗauki mai haƙori."

"Madam ta ce mai haƙori tana yaga mata ciyawa. Oga ya ce mai araha. Dillali kuma wai a ɗura wa tayar ruwa ta yi nauyi. Ruwa fa, Baba! Taya ce ko randa?"

"Ana yi. Wa zai hau?"

"Ni mana. Ai na daɗe ina jan okada."

"Okada in ta kife, tashi kake ka kaɗe riga. Oga zai hau? Madam fa?"

"Su daga bene suke kallo."

Dattijon ya ɗan ja ƙafar wandonsa sama. Abdulgani ya ga roba da ƙarfe a maimakon ƙwauri.

"Nawa maigidan ma ciyawarsa ya tausaya wa. Mai sumul ya saya, ta kife da ni a gangare. Kafin damina ta fita ciyawar ta sake tofowa. Ɗauki mai haƙori, ɗana."