Turakun Mai Awo

A bakin ruwan Warra, ana sabuwar jihar Kebbi, wani tsohon masunci na gyaran taru sai ga baƙo da takarda a hammata.

"Baba, ba ka je taron sabuwar kasuwa ba?"

"Na je. Aka ce mu yi shiru, mai awon fili ya gama aiki. Ga turakunsa can."

"Ai fili ne shimfiɗaɗɗe!"

"Ƙwarai. Nan nika zuba taru in ruwa ya ciko. Bara har giwan ruwa na kama."

Baƙon ya sosa ƙeya, don shi ne mai awon. "In an sake zama, za ka zo?"

"Zan zo, ɗana. Amma ku hanzarta. Wata biyu nan gaba, turakunka sai da nutso."